Kumburin da Bi Zuwena Ta Taɓa

Ku da kuke ta turo min saƙo kuna tambayar dalilin shiruna na sati uku, to ga ni na dawo. Da hannu ɗaya nake rubutun nan, ɗayan har yau baƙi ƙirin yake da tabon allura. Kuma na yi alkawari ba zan wanke kaina ba, don a cikin masu laifin labarin nan har da ni.

Ga waɗanda yau suka fara karanta ni: sunana Tunu, shekarata ashirin da shida, ina koyar da 'yan aji uku a wata firamare a Magomeni, nan Dar es Salaam. Nassoro shi ne wanda muka shekara biyu tare, ma'aikacin fiton kaya ne a tashar jiragen ruwa. Ya aiko da wasiƙar neman aurena, Baba ya amsa. Abin da ya rage kawai matan gidansu su zo su gan ni, a tsayar da rana kafin azumi ya kama. Aka sa Asabar.

Ranar Litinin zazzaɓi ya kayar da ni.

Kun san yadda daminar bana ta yi mana. Kwatocin unguwa sun cika sun batse, duk tsohuwar tayar da aka yar ta zama rijiya, ga sauron nan mai zanen fari a ƙafa da ba ya jiran dare, da rana tsaka yake cizo. Kusan rabin ajina ba sa zuwa. Ina cikin rubutu a allo na ji kamar an soka min ƙusa ta bayan idanuna, kafin a tashi ƙasusuwana kamar an zuba a turmi an kirɓa. A ƙaramin asibitin unguwarmu suka ɗebi jini, likitan ya duba takarda ya ce, "Malama, denge ce. Ki je ki kwanta, ki yi ta shan ruwa. Farasitamol kaɗai, kin ji? Ban da diklofenak da 'yan uwansa, suna tsinka jini. Kuma ranar da zazzaɓin ya sauka kada ki ce kin warke, a ranar ne ma za ki fi kula."

Na ji shi sarai. Ku riƙe wannan.

Da na faɗa wa Mama, abin da ta fara cewa ba sannu ba ne. Ta dafe ƙirji ta ce, "Asabar fa, Tunu!"

"Sai a ɗaga, Mama."

"A ɗaga zuwa yaushe? Azumi saura kwana goma. Bayan salla kuma wa ya san abin da matar nan za ta ƙirƙiro?"

Matar nan ita ce Bi Zuwena, mahaifiyar Nassoro. Shekara talatin ta yi tana aikin nas a Tanga kafin ta ajiye, kuma ban taɓa ganin haƙorinta ba. Ranar da Nassoro ya kai ni gaishe ta, kallona ta yi daga sama har ƙasa ta saman tabarau, sannan ta juya ta ce masa, "Siririya ce. Tana cin abinci kuwa?" Shi ke nan abin da ta ce. Tun daga ranar Mama ta sa a ranta cewa matar nema take ta samu hujja.

Ranar Laraba Shangazi Mwadawa, wato gwaggona yayar Baba, ta sauka daga Bagamoyo da jakarta mai kamar gidan sauro. Duk auren da aka yi a danginmu ita ce mai gyaran amarya, kuma ba a musu da ita. Ta leƙo ɗakina, ta ga yadda na naɗe a katifa ina rawar ɗari, ta taɓe baki.

"Wannan ce amaryar? Kamar kazar da ruwa ya daka. Tashi ki sha wannan."

Ruwan ganyen gwanda ne, kore shar, ɗaci kamar maɗaciya. Na sha, na amayar. Ta sake dama wani.

"Shangazi, don Allah a faɗa musu ba ni da lafiya."

"A faɗa wa wa? Ke kin san me ake cewa yarinyar da aka zo gani aka tarar a kwance? Mai ciwo-ciwo. Har ki tsufa sunan nan ba zai bar ki ba. Shekara ashirin da shida, ƙannenki na goye da 'ya'ya, sai yanzu Allah ya kawo mai mota, ki ce ƙashinki na ciwo? Ni da naƙuda na tuƙa abincin mutum arba'in."

Mama tana bakin ƙofa tana jin mu. Sai na haƙura da maganar. Kuma in faɗa muku gaskiya, ba tsoronsu kaɗai ba ne. Ni kaina ba na so Bi Zuwena ta gan ni a kwance ta ce ai dama ta faɗa.

Nassoro kuwa saƙo yake ta turowa.

"Gimbiya, kwana biyu ban ji muryarki ba."

"Mura ce ta shaƙe min murya," na rubuta.

"In zo da lemo?"

"Kar ka zo. Shangazi ta ce ba ka ganina sai Asabar."

"Shangazin nan ta fi jami'an kwastan tsanani. Su ko ana lallaɓa su."

Na tura masa fuskar dariya, hawaye na gangara cikin kunnena don ciwo.

Ranar Alhamis da hantsi, Shangazi ta shiga wanka ta bar jakarta a buɗe. Na san tana da ƙwayoyin ciwon gwiwa a aljihun gefe. Na zaro katin, na karanta sunan da idona, sunan da likita ya hana ni. Na ɓalle biyu na haɗiye. Babu wanda ya ba ni, babu wanda ya tilasta min. Cikin awa guda ciwon ya lafa kamar an zare ƙaya, har na tashi na ci rabin gurasar chapati. Da yamma na ƙara biyu. Juma'a ma haka. Ranar Juma'ar zazzaɓin ya sauka gaba ɗaya, jikina ya yi sanyi, Mama ta ɗaga hannu sama tana godiya, Shangazi tana cewa, "Kun ga aikin ganyen gwanda ko?"

Asabar tun da safe gidanmu ya kacame. An fitar da kujerun falo an shimfiɗa sababbin tabarmi, an ɗauko farantan gilas ɗin da Mama ba ta bari a taɓa. Maƙwabta biyu suna tsakar gida suna kankare kwakwa, tukunyar shinkafar pilau tana kan gawayi an ɗora mata garwashi a murfi. Ni kuma ina ɗaki, hannuwana da ƙafafuna sun sha zanen lalle baƙi da ja, an turara min gashi da udi, an soka min furen yasmin a gefen kunne. Rigar da aka ɗinka min doguwa ce ruwan zuma, mai duwatsu a wuya, ta kama ƙugu tsam.

Ina goge baki na ga burushin ya yi ja. Na kurkure, na sake tofarwa, ja. Na ce a raina ai na goga da ƙarfi ne.

Wajen sha ɗaya aka buɗe tukunyar pilau, ƙamshin kanumfari da nama ya shigo ta taga. Cikina ya juya. Na ruga banɗaki na durƙusa, babu komai a cikin amma yunƙurin bai tsaya ba, sau ɗaya, sau biyu, a na uku na yunƙura da dukkan ƙarfina, sai na ji wani abu ya ce ɓarrr a ƙasan cibiyata ta hagu, kamar an yage tsohon zane. Ban iya ko ihu ba. Na kifa goshina a bango ina jan numfashi ta baki.

Da na lallaɓo ɗaki na ɗaga riga, sai ga wani tudu ya taso a wurin, kamar ƙwan kaza, tauri kamar ɗanyen mangwaro. Shangazi ta shigo ta same ni a haka.

"Mene ne wannan?"

"Ban sani ba, Shangazi. Yanzu ya fito."

"Iska ce ta taru. Kwanta."

Ta zuba man kwakwa a tafi, ta hau murza wurin da ƙarfinta na mai tuƙa abincin mutum arba'in. Na cije matashi har na ji zaren a haƙorana. Da ta gama ta ɗauko zanen kanga ta ɗaure min ciki tamau, ta ce in mayar da riga. Ina miƙewa ta kalli zanen gadon, ta kalle ni. Jini ne, ɗan kaɗan.

"Lokacinki ne?"

"A'a. Saura sati biyu."

Na ga idonta ya sauya. Ta ƙirga wani abu da yatsunta, leɓenta na motsi: amai, ƙin abinci, ƙin ƙamshin girki. Ta matso har ina jin numfashinta.

"Tunu. Tsakaninki da Allah, me kika sha?"

Ni ƙwayoyinta na ɗauka take nufi. Na sunkuyar da kai. Wannan sunkuyarwar ita ta kashe ni.

"Innalillahi," ta ce a hankali. Kafin ta ƙara wata kalma aka yi hon a waje, Mama ta leƙo tana haki: "Sun iso! Ku fito da ita!"

Su huɗu ne, Bi Zuwena da ƙannenta biyu da wata maƙwabciyarsu, duk cikin baƙaƙen abaya, ƙamshin turare kamar an fasa shago. Nassoro da ya tuƙo su yana waje a kan dakali tare da Baba. Aka ɗora min tiren gahawa da halwa. Daga ƙofar ɗaki zuwa tabarma taku bakwai ne, na ƙirga, don kowane taku kamar ana caka min wuƙa. Kofunan suna ta kaɗawa a kan tiren. Na durƙusa gaban Bi Zuwena, na gaishe ta yadda muke gaida manya.

"Shikamoo, Mama."

"Marahaba." Ta kalle ni ta saman tabarau, kallon ya daɗe. "Ɗago fuskarki. Me ya sa leɓenki ya yi fari?"

"Kwalliya ce," in ji Mama da sauri, tana dariyar da ba ta kai ciki ba.

"Ba ke na tambaya ba."

Na buɗe baki zan amsa, sai falon ya fara juyawa. Na ji ƙarar kofuna, na ji zafin gahawa a cinyata, sai kuma na ji kuncina a kan tabarma.

Ban suma gaba ɗaya ba, kuma da ma na suma. Ina jin komai. Ina jin salatin mata, ina jin takun Baba da Nassoro sun shigo a guje. Ina jin muryar Shangazi, wadda a tunaninta raɗa take wa Mama, alhali ita raɗarta ana jin ta a gida na uku:

"Ɓari take yi. Ta sha wani abu, ta amsa min da kanta."

Na buɗe ido da ƙyar, fuskar da na fara gani ta Nassoro ce, yana tsaye bakin ƙofa da makullin mota a hannu. Ku fahimce ni da kyau: shekara biyu muna tare, ko hannuna bai taɓa riƙewa ya wuce gaisuwa ba. Shi ya fi kowa sanin haka. Don haka maganar Shangazi a kunnensa ma'ana ɗaya gare ta.

"Maza su fita," in ji Bi Zuwena. Ba ta ɗaga murya ba, amma har Baba sai da ya ja da baya.

Ta tuɓe abayarta ta yar, ta durƙusa, ta zuge min riga, ta ga kangar da aka ɗaure. "Wane mahaukacin ne ya yi wannan?" Ta kwance. Tudun ya zama kamar rabin kwakwa, fatar ta yi sheƙi. Ta ɗora yatsu a hankali, ta bi gefensa, ta tsaya daidai tsakiyar cikina.

"Ɗago kanki, kamar za ki kalli ƙafarki."

Na ɗago, na ƙwala ƙara.

"Ciwon ya ƙaru ko ya ragu?"

"Ya ƙaru!"

Ta janye min leɓe ta duba dasashina, ta juya hannuna ta ga ɗige-ɗigen ja da lalle ya ɓoye. "Kin yi zazzaɓi satin nan?"

"Denge," na ce. "Tun Litinin."

"Yaushe ya sauka?"

"Jiya."

"Me kika sha?"

Na faɗa mata. Sunan ƙwayar, da guda nawa, da inda na samo. Na ji Shangazi ta ce, "Ƙwayoyina?" da wata 'yar siririyar murya.

Bi Zuwena ta juya ta kalli Mama da Shangazi. "Wannan ba a mahaifa yake ba. A naman bangon ciki yake, jijiya ce ta fashe tana zuba a ciki. Sau ɗaya na taɓa ganin irinsa a duk aikina. Kun ɓoye min yarinya tana denge, kun murje ta, kun ɗaure ta, kun ɗora mata tire, don in sha gahawa? Nassoro! Tada mota!"

A kujerar baya aka kwantar da ni, kaina a cinyarta, yatsunta biyu a wuyan hannuna. Ruwa ya cinye hanyar Jangwani, dole muka zagaya, ga cunkoso, ga masu babura suna kutsawa ta ko'ina. Duk ramin da motar ta faɗa sai na ga taurari. Tana ta min magana don kar in lumshe ido: sunan ɗalibaina, wa ya fi rashin ji, me nake koya musu. Nassoro kuwa tun daga ƙofar gidanmu har ƙofar asibiti bai ce kalma ɗaya ba. Ina hango idonsa a madubi. Ko sau ɗaya bai kalle ni ba.

A asibiti aka yi ta gudu da ni. Ƙarin ruwa a hannu biyu, aka ɗebi jini, aka karɓi fitsari. Likitar, wata doguwa mai suna Dakta Kimaro, ta ce min, "Duk macen da ta zo da ciwon mara da jini sai mun yi gwajin ciki, ƙa'ida ce, kar ki damu." Na ce ta yi. Aka ajiye ni a wani lungu bayan labule ina jiran hoton ciki, Mama ta tafi cike takardu, ta bar min jakata a gefen matashi. Wayata ta yi ƙara.

Nassoro ne. A zatona yana nan waje, bango ɗaya ne tsakaninmu.

"Tunu, ki faɗa min na waye kafin takarda ta faɗa min. Malamin nan ne mai kawo ki a babur?"

Na karanta sau uku. Malamin da yake nufi abokin aikina ne, mai mata da 'ya'ya huɗu, sau biyu ya taɓa rage min hanya da ruwan sama. Ban san Nassoro ya ajiye abin a ransa ba. Wallahi ciwon cikin sai ya koma baya. Na kifa wayar a ƙirjina, na kalli silin, ko hawaye babu. Injin da ke gefena ya fara ƙara, nas ta leƙo, ta ƙwala wa likita kira.

Abin da ya biyo baya guntu-guntu nake tunawa. Sanyin man da aka shafa min a ciki. Dakta Kimaro tana nuna wa Bi Zuwena allon, tana cewa, "Kin gani, Mama, ga shi nan a cikin kuben naman, ya kai tsawon tafin hannu. Kin yi gaskiya." Tana cewa ƙwayoyin da ke daskarar da jini sun yi ƙasa sosai, ba za su yanka ni a haka ba, yanka ma haɗari ne, sai dai a ƙara jini a sa ido. Tana cewa denge ba kasafai take haka ba, amma idan jini ya tsinke, yunƙurin amai ko tari kaɗai ya isa ya fasa jijiya. Sannan na ji ta fita bayan labule ta ce, da muryar da kowa zai ji, ina jin da gangan ta yi, "Gwajin ciki babu komai. 'Yarku ba ta da ciki, kuma ba ɓari ta yi ba. Jini take buƙata."

Kukan Mama na ji. Na Shangazi ma na ji, ya fi na kowa ƙarfi.

Jini leda huɗu aka ƙara min a kwana biyu. Ba a bar ni ko juyi ba. Kullum da safe nas takan zana da biro a gefen kumburin don a ga ko ya wuce layin jiya. Ranar farko ya wuce. Rana ta biyu ya wuce kaɗan. Rana ta uku ya tsaya, cikina daga cibiya har ƙugu ya koma launin gauta baƙa, Dakta Kimaro ta ce wannan alamar alheri ce, tsohon jini ne ke bajewa.

Duk kwanakin nan Bi Zuwena ce ke zuwa da safe da kunun gero a filas. Ita ke goge min jiki, ita ke tsefe min kai, tana yi tana faɗa. "Buɗe baki. Ba a haka ake sha ba. Malamar makaranta guda, likita ya ce kar ki sha, kin sha takwas. Da ɗalibinki ne ya yi haka me za ki masa?" Shangazi kuwa ta zo sau ɗaya, ta tsaya daga ƙafar gado tana murza bakin mayafi, ta ce, "Bakina ne, Tunu, kin san bakina." Na ce na sani. Ta ajiye ɗanyar kwakwa biyu ta fita.

Saƙonnin Nassoro sun taru har ashirin da wani abu. Ban buɗe ko ɗaya ba.

Rana ta biyar, Bi Zuwena ta gama ba ni kunu, ta rufe filas, ta cire tabarau ta goge da gefen mayafi. Karon farko da na ga idonta babu gilas, ashe ƙanana ne, a gajiye.

"Na ga abin da ya rubuta miki," ta ce. "Shi da kansa ya nuna min. Ni ba roƙo na zo yi ba. Ubansa haka yake, Allah ya ji ƙansa, zargi kafin tambaya, na sha shekara ashirin ina rantsuwa a kan abin da ban yi ba. Na ɗauka na raini ɗan da ya fi haka." Ta mayar da tabarau. "Ina son ki a gidana, wannan kuma yau na fara faɗa. Amma kar ki shigo don ni, kar ki shigo don uwarki. Yana waje tun Asabar, yana zuwa yana komawa. In ce ya shigo ko in kore shi?"

Na ce ya shigo.

Ya rame, gemu ya fito masa birjik, rigar aikin ma a yamutse. Ya tsaya nesa da gadon, hularsa a hannu.

"Sannu, Tunu."

"Yauwa."

"Ban san ta inda zan fara ba."

"Ni zan fara. Na yi maka ƙarya, na ce mura ce. Da na faɗa maka gaskiya tun Litinin, da ba mu zo nan ba. Wannan nawa ne, na ɗauka." Na ja numfashi a hankali, don har lokacin dogon numfashi ciwo ne. "Yanzu naka. Ka yarda da maganar Shangazi?"

Ya kalli ƙasa. Na zaci zai ce ruɗewa ce, ko shaiɗan, ko bai san lokacin da ya rubuta ba.

"Na yarda," ya ce.

"Har tsawon yaushe?"

"Daga falonku har lokacin da likita ta fito."

"Kana ji daga bakin ƙofa Umminka ta faɗa ba mahaifa ba ce."

"Ta faɗa. Na ce a raina rufa miki asiri take."

Na kalli hannunsa, akwai tabon allura a lanƙwasar gwiwar, ya yi kore-kore. "Sun ce ka ba da jini."

"Na bayar."

"Kafin sakamakon ko bayansa?"

"Kafin. Muna isowa Ummi ta ce za a nema, na tafi kai tsaye. Ina kwance ana ɗiba na rubuta miki saƙon, da ɗaya hannun."

Jama'a, ku gaya min, me mutum zai yi da irin wannan amsa? Da ya ce bayan sakamako ne, da na san inda zan ajiye shi. Mutum yana zuba miki jininsa da hannu ɗaya, yana yanka ki da ɗayan. Na rufe ido, na ga fuskarsa a madubin mota, na buɗe na ga tabon.

"Nassoro, ranar da na makara a makaranta fa? Ranar da wani uban ɗalibi ya gaishe ni a kasuwa? Kullum sai an kawo takarda?"

"Ba zan sake ba."

"Ban ce ka yi alkawari ba. Tambaya na yi."

Ya ce, "Ban san haka nake ba sai ranar Asabar."

"Ni ma ban sani ba."

"To yanzu me kike so in yi?"

"Ka je gida ka yi aski. Kar ka turo saƙo, kar ka turo kowa. Bayan salla, in har lokacin kana so, ka zo ka tambaye ni. Ni, ba Baba ba."

"In na zo me za ki ce?"

"Sai ka zo."

Ya tsaya kamar zai ƙara magana, sai ya sa hularsa, ya yi sallama a hankali, ya fita. Ina jin takunsa har ya ɓace a baranda.

Ko minti biyu ba a yi ba Mama ta ɗaga labule, fuskarta fal murna, kwanon abinci a hannu. Ashe tana waje tana jira.

"Na gan shi ya fita. Kun shirya ko? Alhamdulillahi! Babanki ya ce tunda kowa ya ga gaskiya, ba sai an sake taro ba, jibi maza za su zauna a masallaci su tsayar da ranar. Shangazinki har ta je kasuwar Kariakoo ta zaɓo zanen anko, ki ga kyansa..."

"Mama."

"Shuɗi ne da ratsin zinariya, ta ce a yafe mata da shi..."

"Mama, ki ce wa Baba kar su zauna. Babu rana."

Murfin kwanon ya suɓuce daga hannunta, ya faɗi a siminti, ya yi ta juyawa yana ƙara. Duk matan ɗakin suka juyo. Mama ba ta sunkuya ta ɗauka ba. Ta ja kujera, ta zauna daf da kaina, ta gyara mayafinta, ta ce da wata murya da rabona da jin ta tun ina ƙarama:

"Maimaita abin da kika ce."

Na maimaita.